Yadda Ake Ɗora Hoto Mai Zurfi a Kan Firam

Idanun mutum biyu suna da tazarar kusan milimita 65 a tsakaninsu, saboda haka kowane ido yana ganin abu daga nasa ɓangaren. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa gani biyun, sai mutum ya bambanta na kusa da na nesa. A kan wannan hikima Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana na'urar kallon hoto mai zurfi a 1838. A 1947 aka fara sayar da kyamarar Stereo Realist a Amurka, mai ido biyu, wadda take ɗaukar hoto biyu a lokaci guda a kan fim mai faɗin milimita 35.

Bayan an wanke fim, sauran aikin ɗora hotunan biyu a kan firam ɗaya mai taga biyu. Firam ɗin Realist yana da tsawon milimita 101 da faɗin milimita 41, kuma akan yi shi da kwali ko alminiyam ko roba. Kayan aikin su ne abin yanka fim, da akwatin haske, da hantsaki, da safar hannu ta auduga, da madubin ƙara girma, da buroshi mai laushi don share ƙura.

Ƙa'idoji uku ake kiyayewa. Ta farko, hoton hagu ya zauna a tagar hagu, na dama a tagar dama. Idan aka musanya su, na kusa zai koma nesa, na nesa ya dawo kusa. Ta biyu, hotunan su daidaita a tsayi, kada ɗaya ya ɗara ɗaya ko ya karkace, domin kuskure kaɗan yana gajiyar da ido har ya kawo ciwon kai. Ta uku ita ce tazara: idan aka nisanta hotunan da juna, abin da ke ciki yakan ja baya, idan aka kusanta su, yakan matso gaba. Abin da ake so shi ne mai kallo ya ga kamar ta taga yake leƙawa, komai yana bayanta.

Kafin a rufe firam, sai a duba shi a na'urar kallo. Idan ido ya haɗa hotunan biyu nan take ba tare da wahala ba, aiki ya yi.