Yajin Aikin Jirage Ya Rutsa da Ku a Madina? Ga Yadda Waya Za Ta Riƙe Tawagarku

A Saudiyya ba a san ma'aikatan filin jirgi da tafiya yajin aiki ba, shi ya sa yawancin samarin da ke haɗa kuɗi su zo Umara tare ba sa sa shi a lissafi. Sai dai yajin da ke lalata tafiya a gida ake yinsa. Ranakun 17 da 18 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama a Najeriya suka yi yajin gargaɗi. Ranar 3 ga Yunin 2024 kuma NLC da TUC suka tsayar da ƙasa kan mafi ƙarancin albashi, aka rufe filayen jirgin Legas da Abuja ana tsaka da jigilar alhazai. A Afrilun 2025, yajin ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ya sa Air Peace dakatar da tashin jiragensa.

To ku ɗauka ku shida ne, kun sauka a unguwar Ƙuba saboda masauki ya fi araha a kan na kusa da Harami, jibi za ku koma, sai labari ya iso. Abin da ke wargaza irin wannan tawaga shi ne kowa ya shiga neman mafita shi kaɗai.

Fara da tikiti

Kowane tikiti yana da lamba mai haruffa da alƙaluma shida, wadda ake kira PNR. Idan Jidda zuwa Abuja da Abuja zuwa Sakkwato duk suna ƙarƙashin PNR ɗaya, nauyin kai ka gida yana wuyan kamfanin. Idan kuwa daban-daban ka saya don ragin kuɗi, kamfani na biyu ba ruwansa da dalilin makararka. A buɗe Google Sheets guda, kowa ya zuba sunansa kamar yadda yake a fasfo, PNR, lambar jirgi da ranar ƙarewar biza. Ranar bizar nan ita ce jan layi, domin wuce wa'adi a Saudiyya tara ce, wani lokaci har da hana shigowa. Wanda bizarsa ta fi kusa da ƙarewa shi za a fara nema wa kujera, ko da ba shi ne babba ba.

Bi jirgin da kansa

Manhajar kamfani kan daɗe tana nuna komai lafiya alhali jirgin bai ma baro gida ba. A nan Flightradar24 ke da amfani. Jirage na watsa matsayinsu ta fasahar ADS-B a mita 1090 MHz, na'urorin masu sa kai a ƙasa su kama su tura wa manhajar. Ka nemi lambar jirginku, ka duba zuwan da zai yi kafin ya ɗauke ku. Idan jirgin da zai kwashe ku daga Jidda har yanzu yana zaune a Kano, to kada ku miƙa makullin ɗaki. Ƙarin kwana ɗaya a Ƙuba ya fi kwanan kujera a filin jirgi sauƙi. Idan ka ga jirgi ya yi kamar ya ɓace a saman hamada, kada hankalinka ya tashi, na'urorin kama sigina ne suka yi ƙaranci a wajen.

Filin jirgi biyu gare ku

Daga Madina akwai filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, akwai kuma na Sarki Abdul'aziz a Jidda. Jirgin ƙasan Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 yana gudun kilomita 300 a awa, yana da tasha a cikin filin jirgin Jidda, tafiyar kimanin awa biyu. Saboda haka in za ku nemi sabuwar hanya ta Alƙahira, Addis Ababa ko Doha, ku bincika daga biranen biyu. Abin lura ɗaya: jirgin ƙasan yana da iyaka a kan kaya, babban akwati ɗaya da 'yar jaka. Mai katan-katan na dabino da jallabiyoyin tsaraba gara ya nemi mota.

Murya ɗaya a WhatsApp

A buɗe sabon zaure, a kulle shi ta yadda mutum biyu kaɗai ke iya rubutu. Ɗaya yana magana da kamfanin jirgi, ɗaya yana riƙe da kuɗi da masauki. In za a yanke shawara, a jefa ƙuri'ar WhatsApp a sa mata lokaci, in lokacin ya cika an gama. Saƙon murya na minti huɗu da "wani ya ce an janye yajin" su tsaya a tsohon zaure. Kashe-kashen kuɗi kuma a zuba su a Splitwise, don kada a dawo gida zumunci ya lalace a kan Riyal 40 na tasi.

A sa wurin haɗuwa da ba ya buƙatar data, misali harabar Masallacin Ƙuba bayan kowace La'asar. Tsakaninsa da Masallacin Annabi (SAW) kimanin kilomita 3 ne, ga titin masu tafiya a ƙasa ya haɗa su, ko wayar mutum ta mutu zai iso. Mai izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk ya sanar da lokacinsa tun da wuri.

Layin gida da kati

Sayen sabon tikiti yakan buƙaci lambar OTP, ita kuma layinka na Najeriya take zuwa. Ka bar shi a waya da romin a kunne don karɓar saƙo, data kuwa ka sa ta STC, Mobily ko Zain. Kada tawaga ta dogara da katin naira kaɗai, a samu mai katin dala ko Riyal a hannu.

Abokan da suka taso daga Turai suna da ƙarin kariya. Dokar EU261 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 ga jirgin da ya taso daga can, ko na kamfanin Turai mai komawa can, kuma a 2021 kotun Tarayyar Turai ta ce yajin ma'aikatan kamfanin kansa ba uzuri ba ne. Ko daga ina kake, ka ɗauki hoton saƙon sokewa da rasitan abinci da masauki, kuma kada ka danna maɓallin karɓar kuɗinka sai ka tabbata akwai wata kujerar a hannu, domin da zarar ka karɓa kamfani ya sauke nauyinka. Takardar nan ta Google Sheets dai tun a gida ake cika ta, ranar da aka sayi tikiti.