Wa'adin da Wani Ƙauye Ya Yi wa Allah



Yawancinmu mun saba da wasan kwaikwayo na lokacin Ista. Matasa ko Zumuntar Mata sukan shirya shi a harabar majami'a. A ɗaura wa wani yaro farin zane ya zama Yesu, a ba wani hular kwali ya zama sojan Roma, a ari jakin maƙwabci idan yana da haƙuri. Yau za mu yi magana a kan wani ƙauye a ƙasar Jamus inda ake yin irin wannan wasa kusan shekara 400 ke nan, sau ɗaya a cikin shekara goma. Sunan ƙauyen Oberammergau. Kada sunan ya ba ku tsoro, ku faɗe shi gaɓa gaɓa: Obar, amar, gau. Yana kudancin ƙasar, a jihar Bavariya, a gindin manyan duwatsu, kuma mutanensa ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba.

A shekarar wasan, masu bi daga ƙasashe da yawa sukan haɗu ƙungiya ƙungiya, sau da yawa tare da fastonsu, su shiga babbar mota su yi kwanaki suna bin tsofaffin garuruwa kafin su isa ƙauyen. Bari mu bi ɗaya daga cikin hanyoyin da suke bi, domin hanyar ce za ta bayyana mana inda wasan ya samo asali.

Da yawa sukan fara daga Wittenberg, a arewa maso gabas. A nan ne Martin Luther, firist kuma malamin jami'a, ya rubuta batutuwa 95 a shekara ta 1517, yana ƙin yadda ake sayar wa talakawa takardun gafara da kuɗi. Kabarinsa yana cikin wata majami'a a garin. A 1521 aka kira shi birnin Worms gaban babban sarki Charles na Biyar domin ya janye abin da ya rubuta, ya ƙi. Ransa ya shiga hatsari, sai sarkin yankinsa ya sa aka ɓoye shi a Wartburg, wani gida mai ganuwa a kan dutse kusa da garin Eisenach.

A Wartburg ya kamata mu ɗan daɗe. Masu ziyara sukan hau dutsen, a nuna musu wani ƙaramin ɗaki mai bangon katako, da tebur da kujera. A ɗakin nan Luther ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci cikin mako goma sha ɗaya ko kusa da haka. An buga shi a watan Satumba na 1522, Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya kuma ya fito a 1534. Akwai wasu fassarori kafin tasa, amma shi ya yi ƙoƙari ya rubuta yadda uwa take magana a gida, yadda ake magana a kasuwa. Kafin wannan lokaci, sujada da Latin ake yin ta, harshen da manomi ba ya ji.

Mu dai mun san wannan ƙishirwa. Da yawa cikinmu muna karanta Maganar Allah da Hausa, wadda aka buga cikakkiyarta tun 1932, mun kuwa gode wa Allah dominta. Amma idan muka koma gida, da wani harshe dabam muke yi wa yaro faɗa, da shi muke kuka a wurin makoki. Wanda ya taɓa ganin fuskar tsohuwa a ranar da aka fara karanta mata Bishara da harshen da ta sha a nono, ya riga ya san abin da ya faru a wancan ɗaki, ko bai taɓa taka Jamus ba.

Daga nan motar takan gangara kudu zuwa Augsburg. A wannan birni aka karanta shaidar bangaskiyar mabiyan Luther a gaban sarki a 1530, a nan kuma aka yi sulhu a 1555, aka ce kowane sarki shi zai zaɓa wa ƙasarsa ko Katolika ko koyarwar Luther. Sulhun bai riƙe ba har abada. A 1618 yaƙi ya ɓarke, aka yi shekara 30 ana gwabzawa, sai a 1648 ya ƙare. Akwai kwaɗayin mulki da na ƙasa a ciki, amma ba za mu ɓoye ba: waɗanda suke kashe juna, dukansu da sunan Almasihu aka yi musu baftisma. Sojoji suka cinye hatsi, suka ƙone ƙauyuka, yunwa ta biyo baya, annoba kuma ta bi sawun yunwa.

To, a tsakiyar wannan yaƙi ne labarin Oberammergau ya fara. Mutanen ƙauyen, waɗanda 'yan Katolika ne, sun sa masu tsaro a hanya domin kada baƙo ya shigo musu da cutar. Bisa ga labarin da suka gāda, wani ɗan garin mai suna Kaspar Schisler, wanda yake ƙodago a wani ƙauye kusa, ya yi marmarin iyalinsa a lokacin bikin majami'arsu, ya sulale ya wuce masu tsaro ya shiga gida. Bai daɗe ba ya mutu, cutar kuwa ta bazu har mutum fiye da 80 suka rasu. A 1633 dattawan ƙauyen suka taru a gaban gicciye suka yi wa Allah wa'adi: za su riƙa nuna shan wuyar Yesu, da mutuwarsa, da tashinsa, kowace shekara goma. Labarin ya ce daga ranar ba wanda annobar ta ƙara kashewa a cikinsu. A 1634, a lokacin Fentikos, suka yi wasan farko a makabarta, kusa da kaburburan da ƙasarsu ba ta gama kwanciya ba.

Wani zai tambaya, ashe ana ciniki da Allah? Tambaya ce mai kyau. Ba a sayen jinƙan Allah da wa'adi, kamar yadda ba a sayen gafara da takarda. Mutane nawa ne a ƙauyukan maƙwabta suka yi addu'a da hawaye, duk da haka suka binne 'ya'yansu? Ba za mu ce Allah bai ƙaunace su ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai hana mutum mai baƙin ciki yin wa'adi ba. Hannatu ta yi, a 1 Sama'ila sura 1, ta kuwa kai yaron Shilo bayan ta yaye shi. Abin da Mai Hadishi 5:4-5 ya ja mana kunne a kai shi ne jinkirin cikawa, har ya nuna gara mutum ya yi shiru tun farko da ya yi wa'adi ya kasa cikawa. A wurin nan ne ƙauyen ya ba mu kunya. Mu nawa muka yi wa Allah alkawari a gadon asibiti, ko a daren da aka kewaye garinmu, muka manta kafin kaka ta zagayo? Su waɗanda suka yi wannan wa'adi sun zama ƙasa tuntuni, jikokin jikokinsu ne suke cikawa.

Tun daga 1680 suka mai da wasan zuwa shekarun da suke ƙarewa da sifiri. Ba kullum abin ya tafi daidai ba. A 1770 hukuma ta hana. Na 1920 sai a 1922 aka yi shi, saboda wahalar da yaƙin duniya na farko ya bari. Na 1940 bai yiwu ba sam. Na 2020 kuwa, wasan da annoba ta haifa, annobar korona ce ta ɗaga shi zuwa 2022, aka yi shi daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba.

Ga yadda abin yake. Wajen mutum 2,000 suke da hannu a ciki: masu wasa, mawaƙa, masu kiɗa, masu ɗinki, masu kula da dabbobi. Ba a ɗauko ƙwararru daga birni. Babba ba ya shiga sai an haife shi a ƙauyen, ko ya yi shekara 20 yana zaune a ciki. Tun daga Larabar Toka ta shekarar da ta gabaci wasan, masu fitowa sukan daina aski, maza su bar gemu, sai dai waɗanda za su zama sojojin Roma. Saboda haka mai ziyara yakan ga mai sayar da burodi ko direban tasi da gashi har kafaɗa. Kowane babban matsayi mutum biyu ne suke karɓa-karɓa, domin ana yin wasan fiye da sau 100. Rumfar 'yan kallo tana ɗaukar mutum fiye da 4,000, amma dandalin a buɗe yake, ana hangen sama da duwatsu a bayansa. Da Jamusanci ake yi, baƙi sukan riƙe ɗan littafin fassara. Wasan yakan ci kamar awa biyar. Ana farawa da rana, da shigar Yesu Urushalima a kan jaki, taro ya cika dandali har da yara da tumaki. Sai a tashi a ci abinci, a komo da yamma, ta yadda ba a kai ga Golgota sai duhu ya yi.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda suke saka Tsohon Alkawari a tsakani. Mawaƙa suna rera waƙa, sai a buɗe labule a ga mutane tsaye cik kamar hoto, ba mai motsi: Ibrahim da Ishaku a kan dutse, ko Musa da macijin tagulla, ko Daniyel a ramin zakoki. Sai a rufe, labarin Yesu ya ci gaba. Wannan wa'azi ne ba da baki ba, irin wanda Ubangiji da kansa ya yi a Yahaya 3:14 lokacin da ya kwatanta ɗaga shi da za a yi da ɗaga macijin nan a jeji. Matasanmu masu shirya wasan Ista suna iya gwada wannan, ba ya bukatar kuɗi.

Akwai kuma abin baƙin ciki da ba za mu tsallake ba. Shekaru da yawa wasan yana nuna Yahudawa a matsayin mugaye masu son kuɗi, yana ɗora musu alhakin mutuwar Yesu su kaɗai, Bilatus kuwa a nuna shi kamar mutumin kirki da aka tilasta wa. Hitler ya kalli wasan a 1934, ya kuwa yaba masa saboda wannan. Ƙungiyoyin da suke bi ta birnin Munich sukan tsaya a Dachau, sansanin da gwamnatinsa ta buɗe a 1933, inda aka kashe dubban mutane, aka kuma tsare limaman Kirista fiye da 2,000. Daga can zuwa Oberammergau tafiyar 'yan awoyi kaɗan ce. Luther ma, wanda muka yaba wa ɗazu, ya rubuta mugayen kalmomi a kan Yahudawa a 1543. Mutum yana iya ba al'ummarsa Littafi Mai Tsarki, ya kuma yi zunubi da alƙalamin nan guda.

Bayan doguwar muhawara, musamman daga 1990 da Christian Stückl, ɗan ƙauyen, ya karɓi jagorancin wasan, an gyara abubuwa da yawa. A shekara ta 2000 aka cire maganar taron da ke cikin Matiyu 27:25, wadda aka daɗe ana amfani da ita a la'anci Yahudawa duka. Ba daga Littafi Mai Tsarki aka cire ta ba, daga bakin 'yan wasa ne, domin an ga abin da mutane suka yi da ita. Yanzu ana nuna Yesu a matsayin Bayahude, yana addu'a da Ibrananci, almajiransa da mahaifiyarsa ma Yahudawa. Haka kuwa yake. Ayyukan Manzanni 4:27 ya lissafta Hirudus, da Bilatus, da al'ummai, da mutanen Isra'ila gaba ɗaya, Ishaya 53 kuma ya ce saboda laifofinmu ne aka yi masa rauni. Idan muna shirya namu wasan, mu lura da irin rigar da muke sa wa Yahuza da Kayafa, da irin harshen da muke sa su kwaikwaya. Idan 'yan kallo suka tashi suna dariyar wata kabila ko suna jin haushin wani addini, to, ba labarin gicciye muka ba su ba.

Sauran tambaya ɗaya, wadda muka san tana zuciyar wasu: wajibi ne mai bi ya yi irin wannan tafiya? A'a. Tafiya tare domin ibada abu ne mai kyau, iyayen Yesu ma sukan hau Urushalima kowace shekara tare da 'yan'uwa da abokai, kamar yadda Luka sura 2 ta faɗa. Wanda Allah ya hore masa, ya je, ya dawo ya ba mu labari. Amma a Yahaya sura 4 Ubangiji ya nuna wa matar nan ta Samariya cewa sujada ta gaskiya ba a ɗaure take da wani dutse ko wani birni ba. Kuɗin jirgi da biza da masauki ba kaɗan ba ne. Kada kowa ya sayar da gona, ko ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara, domin a ce da shi ya je. Wanda ya je bai fi wanda ya zauna tsarki ba, kuma bai kamata a ba shi kujerar gaba a majami'a saboda haka ba.

Wasa na gaba, in Ubangiji ya yarda, a 2030 ne. Wato a Larabar Toka ta 2029 masu aski na Oberammergau za su fara rasa ciniki, yaran da suka riƙe ganyen dabino a 2022 kuma za su zo neman matsayin manya.