Jaket ɗin Fata na Matuƙa Jiragen Yaƙi: Dalilin da Lamba Ɗaya Ba Ta Yi wa Kowa Daidai

A duk lokacin da hunturu ya kama a Turai da Amurka, ma'aikacin da aka tura kwas ko taro a Landan ko Washinton kan shiga neman rigar da za ta tare masa sanyi ba tare da ta zubar masa da kwarjini ba. Cikin abubuwan da ido kan faɗa a kai akwai jaket ɗin fata irin na matuƙa jiragen yaƙin Amurka, wanda wasu kamfanoni ke kwaikwayon ɗinkinsa har yau, zare da zare. Mai kyau daga cikinsu kan haura dala dubu. Amma sau da yawa mai saye kan zaɓi lambar da ya saba sawa a kwat, kaya su iso, ya tarar kafaɗa ta matse, ko gindin rigar ya tsaya a saman cibiya. Mayar da kaya ƙasar waje kuwa wata asarar ce ta daban. Matsalar ba ta rasa nasaba da tarihin yadda aka yanka waɗannan riguna tun asali.

Asalin rigar

A shekarar 1931 ce rundunar sojin sama ta Amurka, wadda a lokacin reshe ce ta sojin ƙasa, ta amince da samfurin da ta kira A-2, domin ya maye gurbin A-1 na 1927 mai maɓallai. Sabon ya zo da zif, da kwala irin ta taguwa, da aljihu biyu a gaba, da saƙar ulu a bakin hannu da ƙugu. Da fatar doki aka fara yin sa, daga baya aka haɗa da ta akuya da ta saniya. Bayansa fata ce guda ɗaya shimfiɗaɗɗiya, ba tsaga ba naɗi.

An tsara shi ne domin mutumin da zai zauna a ƙuntataccen ɗakin tuƙi, da igiyoyin lema ɗaure a jikinsa. Saboda haka aka yi shi gajere, don kada ya tattare idan an zauna, aka kuma matse shi don kada ya maƙale a wani ƙarfe. Wandon soja na wancan zamani yana hawa har cibiya, don haka gajartar rigar ba ta bar komai a buɗe ba. Wandon yau kuwa a kan ƙashin ƙugu yake zama, wanda ya sa rigar da ta yi cif a 1942 ke yi wa mutumin yau kamar ta ƙanensa.

Jikin ma ya canja. Matsakaicin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu saurayi ne mai tsawon kimanin ƙafa 5 da inci 8, nauyinsa bai wuce kilo 65 da wani abu ba. Matsakaicin namiji a Amurka a yau ya kusa kilo 90. Kamfanin da ya yi alkawarin kwafo rigar 1942 ba tare da sauya ko inci ɗaya ba, a zahiri yana sayar wa dattijo mai shekara hamsin rigar da aka auna a jikin ɗan shekara ashirin da biyu da ya fito daga horon soja.

Umarni ɗaya, teloli da yawa

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne gwamnatin Amurka ba ta ɗinka rigunan da kanta ba. Kwangila ta riƙa bayarwa ga kamfanoni daban-daban: Rough Wear a jihar Pennsylvania, Aero Leather da Perry Sportswear a jihar New York, J.A. Dubow a Chicago, Star Sportswear da Cable Raincoat a Massachusetts, Monarch a Milwaukee, da wasunsu. Takardar umarnin ɗaya ce, amma kowane kamfani da hannun mai yankansa. Kamar dai a kai yadi iri ɗaya ga teloli biyar a kasuwar Wuse a ce kowa ya ɗinko kaftani: sunan ɗaya ne, zaman a jiki ba ɗaya ba.

Masu kwaikwayo na yau sun gaji wannan bambanci da gangan. Eastman Leather da ke yankin Devon a Ingila tun 1984, da Aero Leather Clothing da ke Galashiels a Sukotilan, da Good Wear da ke Seattle, da kamfanonin Japan irin su The Real McCoy's da Buzz Rickson's, sukan samo tsohuwar riga ta wata kwangila, su auna ta, su fitar da yankanta. Don haka lamba 42 a yankan Rough Wear da lamba 42 a yankan Dubow riguna biyu ne mabambanta, ko da daga masana'anta ɗaya suka fito. Ƙari a kan haka, kamfanonin Japan sun fi yi wa kasuwarsu ta gida aiki, kuma lambobinsu kan zo a matse, ta yadda baƙon mai saye kan buƙaci ƙara lamba ɗaya.

Wane jiki, wane yanka

Mai faɗin kafaɗa da cikar ƙirji ya fi samun sauƙi a yankan Rough Wear. Masu tara waɗannan riguna sun daɗe da sanin sa da kafaɗa mai faɗi a miƙe da yalwar ƙirji, kuma kwalarsa tana zaune ne a kan wani ɗan maɗauri da ke ɗaga ta, abin da ke yi wa mai dogon wuya kyau amma ya kan tokare haɓar mai gajeren wuya. Kwangilolin da aka bayar bayan yaƙi ya yi zafi da yawansu sun cire wannan maɗauri don a hanzarta aiki, sai kwalar ta kwanta a kan kafaɗa. Mai kaurin wuya ya fi sakewa a irin waɗannan.

Siriri mai matsakaicin tsawo kuwa, rigar mai yalwa kan yi masa buhu: fatar ta taru a bayansa, ta kumbura a saman saƙar ƙugu. Yankan Dubow, wanda ya fi bin jiki, da rigunan kwangilolin shekarun 1930 na kafin yaƙi, su ne suka fi dacewa da shi. Dogo siriri shi ne ya fi kowa wahala, domin idan ya ƙara lamba don ya sami tsawo sai ƙirji ya yi masa yawa. Irinsa kan nufi yankan Star Sportswear, wanda aka sani da ɗan tsawon jiki, ko ya nemi kamfanin da ke karɓar oda da ƙarin inci ɗaya ko biyu a jiki da hannu.

Mai tumbi, wanda zaman ofis da na mota suka yi wa aikinsu, yana da tasa matsalar. A-2 ba ta da igiyar sassautawa a gefe. Saƙar ƙugu ce kaɗai ke riƙe ta, kuma idan ciki ya fi ƙirji fitowa, saƙar kan zame ta haye saman tumbin ta ƙara bayyana shi. Idan ya sayi lambar da za ta rufe cikin, kafaɗa ta zubo, hannu ya wuce yatsu. Mafita a nan ita ce a bar batun kwafi na tsantsa. Lokacin da sojin saman Amurka suka dawo da A-2 a 1988, bayan an daina odarta tun 1943, sun dawo da ita ne da yanka mai yalwa da fatar akuya, domin jikin matuƙan zamani. Rigunan da aka ɗora a kan wannan sabon yanka sun fi yi wa mai jiki adalci, ko da masu tsattsauran ra'ayin tarihi suna yi musu kallon hadarin kaji.

Ga mata, lamarin tsoho ne. Matan da suka yi wa sojin Amurka jigilar jirage a lokacin yaƙin sun sa A-2 ne a yankan maza. Gajartar rigar tana taimakawa domin tana tsayawa kafin ƙugu ya buɗe, amma kafaɗar da tsawon hannun na namiji ne, kuma lambar da ta wadaci ƙirji kan zarce a kafaɗa.

Rigar sojin ruwa da ta masu jefa bam

Ba A-2 kaɗai ba ce a fagen. Sojin ruwan Amurka suna da tasu, wadda ta fara da sunan M-422, aka sake mata suna G-1 a 1947, fim ɗin Top Gun na 1986 kuma ya kai ta ko'ina a duniya. Da fatar akuya ake yin ta, da gashin tunkiya a kwala. Babban bambancinta yana baya: akwai naɗi biyu a bayan kafaɗu da ke buɗewa idan an miƙa hannu, da ƙarin ƙyalle a hammata, da rabin ɗamara a ƙugu. Wannan ya sa mai ƙirar 'yan dambe, faffaɗan baya da siririn ƙugu, ke iya tuƙa mota a cikinta ba tare da fata ta ja shi ba, abin da A-2 mai shimfiɗaɗɗen baya ba ta bayarwa. Sai dai G-1 tana tsukewa sosai zuwa ƙasa, don haka mai tumbi bai tsira a nan ba ma.

B-3 kuma, wadda aka fitar a 1934, fatar tunkiya ce da gashinta a ciki, an yi ta ne don ma'aikatan jiragen jefa bam da ke tashi sama da ƙafa dubu ashirin cikin sanyin da ke daskarar da jini. Ita da takwararta ta Ingila mai suna Irvin suna da yalwa, suna da maɗauran gyara a ƙugu, kuma sun fi haƙuri da kowane irin jiki. Aibinsu shi ne kauri: gajeren mutum kan ɓace a ciki. Kuma ko a tsakiyar hunturun Jos ba a buƙatar irin wannan ɗumi, balle Abuja.

Fata ba yadi ba ce

Wanda ya saba da tela yakan ɗauka cewa duk abin da bai zauna ba za a gyara. A fata ba haka abin yake ba. Duk inda allura ta huda, ramin ya zauna har abada, don haka ba a buɗe ɗinki a ƙara faɗi. Ana iya rage tsawon hannu, ana iya sauya saƙar da ta tsufa, amma kafaɗa da hammata yadda suka zo haka za su mutu.

Irin fatar ma tana da tasiri a kan zaman rigar. Fatar doki, irin wadda majemar Shinki ta Himeji a Japan da ta Horween a Chicago ke fitarwa, tana zuwa da tauri, sai an yi watanni ana sa ta kafin ta lanƙwasa ta ɗauki siffar mai ita. Tana laushi, amma ba ta ƙara faɗin a zo a gani. Rigar da ta hana numfashi ranar farko ba za ta zama daidai ba a shekara ta biyu. Fatar akuya kuwa, wadda duk wanda ya san aikin dukawan Kano da Sakkwato ya san ingancinta, ta fi sauƙin nauyi da saurin bin jiki, ga juriya. Mai shakkar lambarsa ya fi samun rangwame a wurinta.

Awo kafin kuɗi

Ƙwararrun masu saye ba sa duba lambar da ke wuyan riga. Awo huɗu suke nema daga mai sayarwa, na ainihin rigar a shimfiɗe: daga hammata zuwa hammata, daga ɗinkin kafaɗa zuwa ɗinkin kafaɗa, tsawon baya daga gindin kwala zuwa ƙarshen saƙa, da tsawon hannu. Sai su ɗauko wata rigar da ta riga ta yi musu daidai, su shimfiɗa ta, su gwada da tef. Idan an ninka awon hammata sau biyu, ya kamata ya ɗara zagayen ƙirjin mutum da inci biyu zuwa huɗu, gwargwadon ko zai sa suwaita a ciki. Wanda cikinsa ya kai ƙirjinsa ko ya fi, awo na biyar ya zama dole, wato faɗin rigar a daidai aljihu.

Idan ta iso, alamomin a bayyane suke. Ɗinkin kafaɗa ya sauka a kan ƙashin kafaɗa, ba a kan damtse ba. Saƙar ƙugu ta rufe bel. Saƙar hannu ta tsaya a wuyan hannu ba tare da ta shige cikin fatar ba. A ja zif har sama, a zauna a kujera, a miƙa hannu kamar za a kama sitiyari. Idan an iya yin haka ba tare da wuyan rigar ya shaƙe maƙogwaro ba, an dace.

Wanda ya saba da walwalar babbar riga da kaftani zai ji kowace A-2 ta matse shi a kwanakin farko, ko da ita ce daidai da shi, kuma wannan jin kan tura mutane su sayi lambar da ta fi ƙarfinsu. Hotunan matuƙan 1940 sun nuna cewa su ma ba duka ta yi wa daidai ba: abin da ma'ajin kaya ya miƙo shi suka karɓa, wani ta yi masa yawa, wani ta yi masa kaɗan. Su kyauta aka ba su. Mai biyan kuɗinsa da guminsa yana da damar da ba su samu ba, ta tambayar awo kafin ya tura ko sisi.