Fadamar Haɗeja-Nguru: Me Ya Sa Tsuntsayen Ruwa Ke Raguwa?

Kogin Komadugu Yobe, wanda da yawa daga cikinmu suka tsallako zuwa nan jihar Diffa, ba a nan ya faro ba. Ruwansa na fitowa ne daga koguna biyu, Haɗeja da Jama'are, waɗanda ke bazuwa cikin wata babbar fadama tsakanin jihohin Jigawa da Yobe a Najeriya, kafin su haɗe su gangaro ta Gashuwa har Tafkin Chadi kusa da Bosso. Duk abin da ya sami wannan fadama sai ya iso mana.

Fadamar Haɗeja-Nguru gida ce ga tsuntsayen da muka sani tun muna yara: dinya, gauraka, zalɓe, balbela da kwasa-kwasa. Akwai kuma baƙi. Da kaka, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa kan taso daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su yi hunturu a can, su koma wajen watan Maris ko Afrilu. A shekarar da ruwa ya cika, adadinsu kan kai dubbai ɗaruruwa. Shi ya sa a 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla a Iran a 1971 don kare fadamu. Tafkin Dagona, da ke cikin gandun dajin Chad Basin, ya shiga a 2008.

Amma takarda ba ta kawo ruwa. An gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a jihar Kano. Ambaliyar damina, wadda a shekarun 1960 kan rufe kimanin murabba'in kilomita 2,000, a wasu shekarun ba ta kai rabin haka. Bayan nan ruwan da ake saki daga madatsun har da rani ya sa wasu wurare ba sa bushewa ko kaɗan, kuma abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta rufe filin ruwan da agwagi ke kiwo. Jan-baki ne ya ci riba: yana kwana cikin kacalla, ya wayi gari a gonar gero. In aka yi masa feshi, maganin ba ya tantance tsuntsun da zai kashe.

Sauran ɓarnar daga hannun mutane take: bindiga, raga, kwasar ƙwai, sare itatuwan da zalɓe ke sheƙa, da zuba guba a hatsi don kama agwagi. Mun san yunwa ce ke kai mutum ga wasu daga cikin waɗannan. Duk da haka guba ba ta da uzuri, domin tana bin naman har cikin tukunya.

Da yawa daga cikin tsuntsayen nan kifi, kwaɗi da ƙwari suke ci. In sun ƙaurace wa wuri, masunci zai ga haka a komarsa, mai noman tattasai a bakin kogi kuma zai ga ruwa ya janye da wuri.

Ga abin da muke roƙon iyalai. Kada a ci tsuntsun da aka tsinta a mace, kada yara su taɓa shi. Yana iya zama guba ko murar tsuntsaye. In an ga matattu da yawa wuri ɗaya, a sanar da shugaban unguwa ko ma'aikatan lafiya na sansani. A hana yara ɗibar ƙwai da damina. Wanda ya ga zoben ƙarfe mai lamba a ƙafar tsuntsu, ba tsafi ba ne: masu bincike ne suka sa shi don su gane hanyar da tsuntsun ke bi. Zuwa bakin kogi kuwa, sai an bi umarnin jami'an tsaro.