Rangwamen Sola: Yadda Aka Yi a Jihar Kalifoniya

Manoma sun san rangwamen takin zamani. Gwamnati takan biya wani kashi na kuɗin buhu, manomi ya biya saura. A waɗansu ƙasashe akwai irin wannan rangwame domin wanda yake so ya sa farantin sola a kan rufin gidansa ko shagonsa, watau farantin nan mai juya hasken rana ya zama wutar lantarki. Abin mamaki kuwa, ta hannun kamfanin da yake sayar da wuta ne kuɗin yake fitowa. Bari mu duba yadda aka yi a Kalifoniya, wata jiha a yammacin Amurka.

Mafarin Shirin

A shekarar 2006 gwamnan jihar, Arnold Schwarzenegger, ya sa hannu a kan wata doka. Nufinta shi ne a ga sola a kan rufi miliyan ɗaya. Aka fara aiki a watan Janairu na 2007, aka ware fiye da dala biliyan 2 domin masu shan wutar manyan kamfanoni uku na jihar. An ɗiba wa shirin shekara 10.

Me ya sa aka yi haka? Da rana tsaka, lokacin zafi, kowa yakan kunna na'urar sanyaya ɗaki, wuta ta yi ƙaranci. A daidai lokacin nan ne farantin sola yake ba da wuta sosai. Kowane gida da ya samar wa kansa wuta ya rage wa tashar lantarki nauyi.

Yadda Ake Biya

Ana auna ƙarfin faranti da wat. Da farko an biya dala 2.50 a kan kowane wat. Mai gidan da ya sa faranti na wat 4,000 zai iya samun dala 10,000 ke nan. Amma ba haka kawai ake miƙa kuɗin ba. Sai an duba inda farantin ya fuskanta, da yadda aka karkata shi, da ko inuwar itace tana faɗa masa. Wanda ya sa nasa a inuwa, kuɗinsa ya ragu. Dole kuma kayan su kasance da garanti na shekara 10.

Manyan ma'aikatu kuwa ba a ba su kuɗi gaba ɗaya ba. Kowane wata akan karanta mita, a biya su gwargwadon wutar da farantinsu ya bayar, har shekara 5. In faranti ya lalace aka ƙyale shi, biya ya tsaya.

Rangwame Mai Raguwa

Ga inda dabarar take. Tun ranar farko an sanar cewa kuɗin zai riƙa raguwa mataki mataki. In an sa faranti har sun kai adadin da aka yanka, sai a sauko mataki na gaba. A mataki na ƙarshe santi 20 kaɗai ake biya a kan wat. Mai faranti na wat 4,000 dala 800 zai samu.

Saboda haka mutane suka yi hanzari, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Masu sayarwa kuma suka san taimakon ba mai dawwama ba ne, tilas su rage farashi. A cikin shekarun nan farashin faranti ya faɗi ƙwarai a duniya duka, musamman da masana'antun ƙasar Sin suka yawaita. Aka rufe babban shirin a ƙarshen 2016, amma mutane ba su daina sa sola ba. A 2019 jihar ta cika rufi miliyan ɗaya.

Wa Ya Biya?

Kuɗin ba daga aljihun kamfani ya fito ba. An ɗora shi ne a kan takardar kuɗin wuta ta akasarin masu shan wutar kamfanonin, har da ɗan haya wanda ba shi da rufin kansa. Ashe talaka yana iya biya wa mai hali. Domin a rage wannan, aka keɓe kashi 10 cikin 100 na kuɗin saboda gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Abin Lura Gare Mu

A Nijeriya ma akwai tallafin sola, ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da kuɗin Bankin Duniya. Amma kamfanin da ya kai kayan ƙauye ake biya, bayan an tabbatar ya sa su. Saboda haka in mai sayar da sola ya zo garinku ya ce akwai rangwame, ku yi masa tambaya uku. Nawa ne farashin in ba rangwame? Garantin na shekara nawa ne, a rubuce? In batir ya mutu, wa zai gyara, a ina kuma yake zaune? Ku tambaya a gaban shugabannin ƙungiyarku kafin kowa ya ba da kuɗi.