Maganin Zuciya Na Dijoksin Da Alamar Da Yake Bari A Takardar Awo

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wata baiwar Allah ce da aka kawo mana daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bukkuyum, wata uku da haihuwarta ta huɗu. An taɓa kwantar da ita saboda kumburin ƙafa da haki, likita ya tabbatar zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa. Aka ɗora ta a kan magunguna, ta samu sauƙi ta koma gida. A cikin magungunan akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaya da muke kira dijoksin, a jikin kwali za ku ga an rubuta Digoxin ko Lanoxin.

Bayan 'yan makonni sai ta ji zafi a ƙirji. Maigidanta ya ga tafiya ta yi nisa, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba, sai ya kai ta wani ɗakin gwaji na kuɗi aka yi mata awon bugun zuciya. Wanda ya yi awon bai tambayi maganin da take sha ba. Ya dubi takarda ya ce jini ba ya isa zuciyarta. Maigida ya koma gida ya kwashe magungunan asibiti duka ya ɓoye, aka koma jiƙe-jiƙe. Kwana goma tsakani aka dawo da ita, ko kwanciya ba ta iya yi sai a jingine.

Ya miƙo mini takardu biyu ya ce, "Sista, duba da kanki. Wannan ita ce ta farko, kafin ta fara shan ƙwayoyinku. Wannan kuma ta bayan nan ce. Ai zanen ya canza." Gaskiyarsa, zanen ya canza, kuma ƙwayar ce ta canza shi. Inda aka yi kuskure shi ne fassarar.

Mene ne wannan awo?

Zuciya tana da 'yar wutar lantarkinta da Allah ya halitta mata. Ita ce ke ba naman zuciya umarnin ya matse ya tura jini, sannan ya saki. Na'urar da ake kira isiji tana sauraren wannan wuta ne ta wayoyi goma da ake maƙalawa, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, sai ta zana abin da ta ji a kan takarda mai ƙananan gidaje. Ba ta sa wa mutum wuta a jiki, ba ta taɓa ɗan da ke ciki, kuma ba ta wuce 'yan mintoci. Na faɗi haka ne domin na sha ganin mata suna rawar jiki da zarar sun ga wayoyi.

Kowane bugu ɗaya yana barin alama uku a takarda: ɗan ƙaramin tudu, sai dogon tsini, sai wani tudu mai ɗan faɗi. Tsakanin dogon tsinin da tudun ƙarshe akwai ɗan layi wanda a mai lafiya yake tafiya a miƙe. A kan wannan ɗan layi maganarmu take.

Idan mutum yana shan dijoksin, layin nan yakan lotsa ƙasa ya yi kwarmi kamar cikin ludayi. Tudun ƙarshe yakan kwanta ko ya juya ƙasa. Lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri bayan kowane bugu yakan gajarta, tazarar da ke tsakanin tudun farko da tsini kuma takan ɗan ƙaru, bugun gaba ɗaya ya ragu. Duk waɗannan alamu ne cewa maganin yana jiki. Ba su nuna ya yi yawa ba, ba su kuma nuna zuciya ta ƙara lalacewa ba. Matsalar ita ce, idan hanyar jinin zuciya ta toshe, shi ma wannan layin ne ke sauka ƙasa. Siffarsu ta bambanta ga wanda ya ƙware, amma wanda bai san kina shan dijoksin ba yana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Shi kansa ciki yana ɗan taɓa zanen, domin mahaifa tana tura zuciya sama kaɗan, bugu kuma yana ƙaruwa da kamar 10 zuwa 20 a minti. Saboda haka kafin a maƙala miki waya ko ɗaya, ki faɗi watannin cikinki ko kwanakin haihuwarki, ki kuma nuna kwalin duk abin da kike sha.

Asalin maganin da aikinsa

Dijoksin tsohon magani ne. Daga ganyen wani tsiro na ƙasashen Turai ake samunsa. Wani likita a Ingila mai suna William Withering ya rubuta littafi a 1785 kan yadda ganyen ke sauke kumburin jiki, a 1930 kuma aka tace sinadarin dijoksin shi kaɗai. Aiki biyu yake yi: yana ƙara wa naman zuciya ƙarfin matsa, yana kuma rage gudun bugu idan ya yi sauri ko ya rikice. Likitoci suna ba da shi ga mai ciki da mai shayarwa idan akwai buƙata, domin abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Wani lokaci ma uwa ake ba shi don a daidaita zuciyar ɗan tayi da ke gudu fiye da kima, tun da yana ratsa mabiyiya.

Amma kada a ɗauke shi shi ne uban tafiya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 6,800, aka buga a 1997, ya nuna dijoksin yana rage yawan kwanciya a asibiti amma bai rage mace-mace ba. Shi ya sa a yau ba kowace mai raunin zuciya ake ba shi ba, kuma idan an ba da shi, tare yake tafiya da wasu magunguna. Kuskuren maigidan nan mafi girma shi ne da ya haɗa duka ya dakatar.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

Raunin zuciya na ƙarshen ciki da bayan haihuwa ya fi yawa a yankinmu fiye da akasarin sassan duniya. Yakan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa kamar wata biyar bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo a Zariya. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, binciken Isezuo da Abubakar na 2007 ya samu mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci wani bincike kan mata 406 a asibitoci 22 na Nijeriya, aka buga a 2020, ya nuna Arewa maso Yamma ce ta fi yawan masu ciwon.

A da, laifin duka ana ɗora shi ne a kan wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan bai samu cewa su ne ke haddasa ciwon ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne hawan jinin ciki, rama da talauci. Sai dai kada iyayenmu su ce to shi ke nan. Kanwa, duk da sunan fotash da 'yan boko ke kiran ta da shi, mafi yawanta dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Macen da zuciyarta ta riga ta gaji, ba ta kunun kanwa kamar ƙara wa jakin da ya durƙushe mangala ne. Wannan mukan yi ta fama da surukai a kansa, kuma nakan ce, "Inna, a yi mata kunun, a bar kanwar."

Yaushe maganin yake zama haɗari?

Tsakanin adadin dijoksin da ke magani da wanda ke cutarwa tazara kaɗan ce. Idan ya taru a jiki, abin da ke fara zuwa shi ne rashin son abinci, tashin zuciya, amai, wani lokaci gudawa da kasala. Mai ciki tana iya cewa laulayi ne, mai jego a ce mata shawara ce. Wasu sukan ga abubuwa sun koma rawaya ko kore-kore, ko su ga da'ira kewaye da fitila. Sai ruɗewa, jiri, da bugun zuciya mai tsallake ko mai nawa ƙwarai. A wannan hali takardar isiji takan nuna wani abu dabam da kwarmin ludayin nan: bugu na shisshigi da ke faɗowa ba a lokacinsa ba, ko saƙon da ke tsayawa a hanya bai isa ƙasan zuciya ba. Wannan shi ne abin tsoro, kuma yana iya kisa. Inda ake da gwajin jinin auna maganin, sai an yi aƙalla awa 6 da shansa ake ɗibar jini.

Abin da ya fi jawo taruwarsa a wajenmu shi ne raguwar sinadarin fotashiyam a jini. Shi da dijoksin wuri ɗaya suke kamawa a naman zuciya, kamar mutum biyu da kujera ɗaya. Idan fotashiyam ya ragu sai dijoksin ya samu fili, ƙarfinsa ya wuce kima ko da ba a ƙara ƙwaya ba. Maganin sa fitsari irin su Lasix, wanda kusan kullum tare ake ba da su, yana zubar da fotashiyam. Haka amai da gudawa. Ayaba, lemu, wake, dankali, tumatir da alayyahu suna taimakawa, amma kada ki sayi ƙwayar fotashiyam da kanki, domin yawansa ma haɗari ne, musamman ga mai ciwon ƙoda.

Ƙoda ce ke fitar da dijoksin, kuma a hankali take yi, sai kwana ɗaya da rabi zuwa biyu kafin rabinsa ya fita. Duk abin da ya taɓa ƙoda zai sa ya taru: jijjiga da hawan jinin ciki, zubar jini mai yawa wajen haihuwa, ko bushewar jiki a zafin bazara. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta gubar dalma ta 2010 ba, a garuruwa irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Dalma tana lahanta ƙoda a hankali, don haka idan an taɓa niƙa dutsen zinariya a gidanku, ki gaya wa likita.

Sai maganar kemis. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai mai miligiram 0.125, akwai mai 0.25, wato ninki biyu, kuma dukkansu ƙanana ne, ido ba ya rabe su da sauƙi. Maigida, idan za ka sayo, tafi da tsohon kwalin ka gwada lambar. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro da eritiromaisin suna iya ɗaga dijoksin a jini. Farin maganin ƙwarnafi da masu ciki ke yawan sha kuma yana hana shi shiga jiki sosai, sai a ba da tazarar awa biyu tsakaninsu. Tumfafiya da kariya da kwankwani, wanda maharba suke dafin kibiya da shi, duk suna ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da dijoksin. Jiƙon da ba ki san abin da ke cikinsa ba yana iya zama kin sha maganin sau biyu.

Abin da muke koya wa kowace mace kafin sallama shi ne ƙirga bugunta. Ki zauna ki huta, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na minti ɗaya cif da agogon waya. Idan bai kai 60 ba, ko kin ji yana tsallake sabanin yadda kika saba, ko amai ya kama ki, kada ki sha ƙwayar dijoksin ta ranar, ki nemi asibiti mafi kusa a ranar, ko Gummi ne ko Anka ko Bukkuyum, su san abin yi ko su tura ki Gusau ko Sakkwato. Idan kin manta ba ki sha ba har gari ya waye, kada ki haɗa biyu. Wadda ba ta iya ƙirgar ba, mukan koya wa maigida ko babbar ɗiya.

Ita baiwar Allah da na fara da labarinta, zafin ƙirjin nan ashe ƙwarnafi ne. An mayar da ita kan magungunanta, ta yi kwana tara aka sallame ta. Likita ya zauna da su biyun kan maganar tazarar haihuwa, domin sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta warware babban haɗari ne, kuma hoton zuciya na na'urar eko ne ke nuna ko ta warware, ba isiji ba. Kafin su tafi na rubuta sunan maganin da ƙarfinsa da ranar da ta fara sha a saman takardun biyu da jan biro, na ce wa maigidan ya riƙa zuwa da su duk inda za a yi mata awo.