Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Kada A Yi Gaggawar Shafe Faifai

Daga cikin masifun da ke auka wa masu aiki da kwamfuta a ƙasar Batsari da Safana, ko masu shagunan buga takardu ne, ko malaman makaranta da ke adana sakamakon jarrabawa, ko ɗaliban da suka zo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da kundin bincikensu a cikin laftof, babu wadda ta fi sanyaya jiki kamar mutum ya kunna na'urarsa da safe, fitila ta kama, fanka ta juya, amma maimakon Windows ta bayyana sai allo ya yi baƙi ƙirin, ya fito da 'yan kalmomin Turanci, “No bootable device” ko “Operating system not found”, waɗanda ma'anarsu ita ce na'ura ta nemi inda za ta tashi daga gare shi ba ta samu ba. Da zarar an kai ta wurin mai gyara, galibi hukuncin da ake ji ɗaya ne: “Malam, sai dai a yi mata fomatin.” Mai kaya kuwa, saboda ya ɗauka aikinsa ya riga ya salwanta, sai ya yi salati ya ce a yi. To, a mafi yawan lokuta a daidai wannan sa'a ne, ba kafinta ba, dukiyarsa take halaka, domin a lokacin da allo ya yi baƙi takardunsa suna nan kwance lafiya lau a cikin faifai.

Kafin a fahimci haka wajibi ne a san yadda aka tsara faifan. Babban faifan kwamfuta kamar gonar gado yake wadda aka raba tsakanin magada, aka ba kowa kasonsa, sa'an nan aka rubuta iyakokin a takarda guda aka damƙa wa dagaci. In takardar ta ɓata ko ruwa ya jiƙa ta, gero da dawa suna nan tsaye a inda aka shuka su, illa dai ba a san inda kason wane ya fara da inda ya ƙare ba. Kowane kaso shi ne masu gyara ke kira fatishan, shi ne kuma mai amfani ke gani da sunan C ko D, takardar iyakokin kuwa ita ce teburin rabo.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wannan teburi. A tsohon tsari mai suna MBR, wanda ya fito a 1983 tare da kwamfutocin kamfanin IBM na Amurka, an ajiye shi ne a gurbin farko na faifai, gurbin da girmansa bai wuce bayit 512 ba: 446 daga ciki umarni ne na tayar da na'ura, 64 su ne teburin kansa mai layi huɗu, sauran biyun kuma hatimi ne da ke shaida cewa gurbin ingantacce ne. Ke nan faifan da ya ɗauki aikin shekara goma yana rataye ne a kan rubutun da bai kai cikin tafin hannu ba in da za a rubuta shi a takarda, kuma a wannan tsari ba a ajiye masa na biyu ba. Sabon tsari, wato GPT, da ke tafiya tare da UEFI, sabuwar hanyar tayar da na'ura, ya fi shi ihtiyaɗi ƙwarai, domin yana ɗaukar kaso har 128, yana da lissafin da yake gane ko an sami ɓarna, sa'an nan yana ajiye kwafin teburin a can ƙarshen faifai. Yana kuma da wani ɗan ƙaramin kaso, wanda ba ya bayyana ga mai amfani, inda ake ajiye fayilolin tayar da Windows. Da yawa daga masu karambani sukan hange shi, su ga ba shi da suna, su share shi wai don su sami wuri, washegari na'ura ta ƙi tashi.

Sabuban ɓarnar ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai ɗaukewar wuta ko mutuwar janareto a daidai lokacin da na'ura ke rubutu a kan faifai, musamman da yake galibin laftof ɗin da ke hannun jama'a na hannu ne, batirinsu ya daɗe da mutuwa, da an zare waya sai su mutu nan take. Akwai jijjigar babur a kan hanya mai gargada, da zafin bazara, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Amma a ganina hannun mutum ya fi waɗannan duka ɓarna: wani yana son ya ƙara wa C girma, wani yana son ya haɗa Windows da Ubuntu, wani tsarin aiki irinta, a faifai ɗaya, wani kuma wurin sa sabuwar Windows ya danna sharewa a kan kason da ba shi yake nufi ba.

Farkon abin da ya kamaci mai gyara shi ne tahƙiƙi, domin ba duk baƙin allo ne ke nufin teburi ya lalace ba. Ya duba ko an bar filash a jikin na'ura tana ƙoƙarin tashi daga gare ta. Ya shiga BIOS, wato allon saitin na'ura, ta hanyar danna F2 ko F10 ko Del gwargwadon ƙirar na'urar, ya ga ko sunan faifai ya bayyana. Ya kuma dubi kwanan wata, domin akwai ɗan batiri mai kamar kwabo a cikin kwamfuta, mai lamba CR2032, wanda in ya mutu sai agogo ya koma shekarun baya, saiti ya rikice, na'urar da aka sa mata Windows a bisa UEFI ta koma neman ta a bisa tsohon tsari, ko akasin haka. Wannan kuwa gyaransa bai wuce mayar da saiti da canjin batiri ba. In kuwa faifan bai bayyana ba ko kaɗan, ko aka kara kunne aka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, to, ciwon na ƙarfe ne, sai a kashe nan da nan, kada a sake kunnawa, kada kuma a kwance shi a shago, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce fuskarsa. Irin wannan sai ƙwararru masu kayan aiki na musamman.

Idan an tabbatar faifai yana da rai, ƙa'ida ta farko, wadda nake roƙon kowane mai gyara ya riƙe ta da hannu biyu, ita ce kada a rubuta kome a kansa sai an kwashe abin da ke ciki. Ana tayar da na'ura ne daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wadda ke aiki ba tare da ta taɓa faifan ba, ko kuma a cire faifan a sa shi a 'yar akwatin da ake jonawa da wata kwamfuta. A nan ne jarrabawa take, domin Windows takan fito da saƙo cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da faifan, ko ta nuna shi da sunan RAW, ko ta nemi izinin sabunta shi. Amsar duka ita ce a'a. In fayiloli sun bayyana, sai a kwashe su zuwa wani faifai dabam. In faifan yana tuntuɓe wurin karatu, akwai manhaja mai suna ddrescue wadda ke kwafe shi ɗungurungum, ta fara da wuraren da ke da lafiya, ta komo kan masu rauni daga baya, sa'an nan a yi duk wani gwaji a kan kwafin. Shi ma umarnin chkdsk na duba faifai da gyara shi, da ake yawan gaggawar bugawa, a dakata da shi tukuna, domin a kan faifai mai rauni garin neman gira sai a rasa ido.

Sa'an nan sai maganar maido da teburi. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta manhaja mai suna TestDisk, ya bayar da ita kyauta ga duniya, kuma ko da yake fuskarta ba ta da ado, baƙin allo ne da farin rubutu, aikinta ya kai a yaba. Hikimarta ita ce, kowane kaso yana da alama a farkonsa da ke faɗin girmansa da irinsa, tsarin NTFS na Windows ma yana ajiye kwafin wannan alama a ƙarshen kason. Saboda haka sai ta bi faifai tana neman alamomin, ta jera abin da ta samu. Mai gyara zai zaɓi faifai, ya danna Analyse, sa'an nan Quick Search, in bai wadatar ba ya ƙara da Deeper Search, wanda yakan ci awoyi. Idan kason ya fito, sai ya danna harafin P, sunayen fayiloli su jeru a gabansa, ya kira mai kaya ya ce, “Alhaji, zo ka duba, waɗannan ne takardunka?” Sai mai kaya ya shaida da idonsa, aka kuma kwashe muhimman abubuwa, sa'an nan ya halatta a danna Write, wanda shi ne ke rubuta sabon teburi. Wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne, domin faifan da ya bi hannu da yawa yakan nuna sawun tsofaffin rabe-rabe na masu shi na dā, kuma wanda ya rubuta na kuskure ya ƙara dagula al'amari.

Bayan teburi ya dawo, tayar da Windows abu ne mai sauƙi: a tashi daga filash ɗin Windows, a bar zancen sa sabuwa, a zaɓi gyara. In gyaran kai-tsaye bai yi ba, a tsohon tsari ana amfani da umarnin bootrec, a sabo kuma bcdboot, wanda ke mayar da fayilolin tayarwa cikin ɗan ƙaramin kason nan.

Wanda kuwa aka riga aka yi wa fomatin, kada ya yanke ƙauna gaba ɗaya. In mai sauri aka yi, kuma ba a tula sababbin abubuwa a kai ba, PhotoRec, 'yar'uwar TestDisk, takan tsamo hotuna da takardu da dama, sai dai babu sunayensu, sai mutum ya zauna ya tantance ɗaya bayan ɗaya. Amma cikakken fomatin, tun daga Windows Vista, yana bin faifai ne ya shafe shi da sifiri, sabon faifai irin SSD kuma yakan goge abin da aka share da kansa ba da jimawa ba. Haka nan faifan da aka kulle da BitLocker ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa mai lamba 48, don haka mai irin wannan na'ura ya rubuta lambar a takarda tun tana lafiya. Shi kuma mai gyara ya tuna cewa hotunan iyalin mutane da asirin kasuwancinsu amana ce a hannunsa, ba ya halatta ya leƙa abin da aikin bai bukata ba.

Akwai dalilin da ya sa wannan ilimi ya fi zama lalura a yankinmu fiye da Kano, inda mutum zai taka zuwa Farm Centre ya sami masu gyara birjik. Daga ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ɗaukar na'ura zuwa birnin Katsina ba ƙaramar shawara ba ce a shekarun nan na rashin tsaro. Mutane kuma ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana da Dutsin-Ma, aka yi watanni babu mai iya sauko da ko ƙwayar manhaja daga intanet. Saboda haka ya kamata kowane shago da kowace makaranta su tanadi filash biyu tun yau, ɗaya mai Ubuntu da TestDisk, ɗaya mai Windows, tare da faifan waje guda wanda girmansa ya kai na cikin na'ura, a riƙa kwafe aiki a cikinsa duk ranar Juma'a, a zare shi, a ajiye shi a wani ɗaki dabam da wanda kwamfutar take.